Koren Haske da Idon Ya Modu

Shekaranjiya da magariba ina dawowa daga kasuwa, a daidai inda manyan motoci ke karya kwana su ɗauki hanyar Kano, na ga wasu samari uku zaune a kan benci, ɗayansu riƙe da wani abu mai kamar biro. Yana dannawa sai wani siririn koren haske ya tsaga titi ya sauka a gilashin wata tirela da ta ɗauko shanu. Direban ya kare fuska da hannu, motar ta yi layi kamar za ta bar kwalta, su kuwa suka bushe da dariya har da tafawa. Na matsa na ce, "Samari, idon mutum fa kuke haskawa." Mai riƙe da abin ko tashi bai yi ba, ya ce, "Baba, wasa ne." Na dubi abin da ke hannunsa. Leza ce, na san ta fiye da yadda ya san ta. Yanzu a faranti ake tallarta gefen cajar waya da tabarau, duk wanda ya ga dama ya saya ya jefa aljihu. Ni kuwa a lokacin da babu ko ɗaya a garin nan, da hannuna na haɗa ta, kuma har gemuna ya yi fari ban daina jin ƙyamar wannan aikin ba.

A unguwar Hausari ta nan Potiskum aka haife ni. Kakanmu falke ne daga Kano, goro ya kawo shi, ya ga wuri ya zauna. Abin da nake fara tunawa na yarinta ba gani ba ne, ji ne: ƙarar daka tun kafin rana ta fito, kukan shanu ranar kasuwa kamar gari zai tsage, ƙahon tireloli, da muryoyin mata a bakin rijiya, wata ta yi tambaya da Bolanci a amsa mata da Karekare, a ƙarasa faɗan da Hausa. Da damina a tura mu ƙauyen Danchuwa wajen kawunnai mu yi noma, da rani mu dawo mu ci gaba da ɗiban ruwa da yankan ciyawar awaki. Ba wanda ya taɓa saya mini abin wasa. Motar kara muke yi, in mun ƙware mu koma ta langa-langa, mu sa mata taya da tsohon silifa. Mataccen batir ma ba ya mutuwa a hannunmu: mu shanya shi a rana, mu ɗan bubbuga shi da dutse, mu haɗa uku da waya da ƙwan tocila, ya ba mu ɗan jan haske da bai kai na fitilar aci-bal-bal ba, amma mu a wajenmu kamar mun kamo wata ne. Yaran yanzu in abu ya tsaya sai su wurgar, kwatocin garin nan cike suke da abubuwan da dunƙulen dalma ɗaya zai tayar.

Wannan ƙaiƙayin hannun ne ya sa mahaifina ya kai ni wajen Baba Mai Rediyo, wani dattijo ɗan unguwar Bolewa mai shago a bakin titi. Hausarsa da nauyin harshen gidansu take fita, kuma ba ya yawan amfani da ita. Shagon ƙamshin dalma yake yi da tsohuwar roba. Gwangwanayen madara ne jere a kan katako, kowanne da irin ƙusar da ke cikinsa, in ka jefa ƙusa a gwangwanin da ba nata ba, ranar ba za ka ji daɗin yini ba. In aka kawo rediyo, sai ya buɗe ya kai hanci tukuna, ya ce abin da ya ƙone yana faɗin sunansa. In za ka taɓa cikin talabijin, hannunka na hagu ya koma bayanka. Waya ko ta kai tsawon yatsa ba a yar da ita. A wajensa na girma, daga share shago har na zama ni ke karɓar aiki shi yana zaune yana kallo. Masu gyaran yau ba sa neman inda cuta take, allon gaba ɗaya suke cirewa su sa sabo, su ce sun yi gyara. Mu kuwa sai mu yini muna bin layi ɗaya da mita, in rediyon ya yi tari ya kama magana, daɗin da za ka ji ba ya faɗuwa.

A ƙofar shagon akwai bishiyar maina, wato darbejiya, ƙarƙashinta majalisa ce da ke cika bayan la'asar. Mutum biyu ne ba sa fashi. Na farko Ya Modu, Babarbare mai ɗinkin hula, ya girme ni da kamar shekara goma. Ƙyanda ta bar masa hakiya a idon hagu tun yana goye, da na dama kaɗai yake gani, amma da wannan ido ɗayan yake zuba zanen da masu ido biyu ba sa iyawa. Tun daga wasu garuruwa ake aiko masa da saƙon hula. In ya sunkuya a kan allura ko numfashinsa ba ka ji, kuma da wannan allurar yake ciyar da mata da 'ya'ya biyar da tsohuwarsa. Na biyu Buba, Bafillace dillalin shanu, mai ƙatuwar murya da dariyar da ake ji daga tsallaken titi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Buba ba ya kiran Ya Modu da suna, sai dai "bawana", shi kuma ya mayar masa da "ɗan daji". Wani lokaci Buba ya ɓoye masa zare, wani lokaci ya shanye masa shayi. Ana dariya, ba a ɗauka da zafi.

A shekarun da faifan sidi ya fara korar kaset ne wani mai hayar lasifika ya kawo mana fitilar biki, irin mai watsa ɗigo-ɗigon haske a jikin bango. Ruwa ya shige ta, allonta ya ƙone ƙurmus. Da na ce masa ba za ta tashi ba, sai ya ce in ƙara da ita cikin tarkace. Ina kwance ta na tarar da wani ɗan bututun tagulla, bai wuce yatsana ba, da wayoyi biyu a gindinsa da ƙaramin gilashi a baki. Na taɓa masa batir na ɗan lokaci, sai wani kore ya faɗo a bango, kore mai tsabta irin wanda ban taɓa gani a ganye ko tufa ba. Daga wannan rana hankalina ya bar rediyo. Lokacin an buɗe shagon intanet na farko kusa da tasha, na je na sa aka bugo mini shafi shida na Turanci a kan yadda ake mayar da irin wannan bututu ya zama na riƙewa a hannu. Da ɗan Turancina na sakandare da ƙamus na bi su layi-layi. A shafin farko akwai gargaɗi cikin akwati da manyan baƙaƙe, cewa hasken yana ƙona ido kafin mutum ya ƙifta. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Na karanta, na fahimta, na juya shafi.

Wata uku aikin ya ci. Bututun ba ya son wuta mai hawa da sauka, sai da na haɗa masa ɗan allo mai daidaita ta, na farko ya yi hayaƙi, na biyu ma haka, na uku ya zauna. Batir daga cikin matacciyar kwamfuta na fasa na ciro. Gida kuwa tsohuwar tocilar ƙarfe na samu, na kwashe hanjinta. Sai matsalar zafi ta taso: minti ɗaya in ya yi a kunne, hasken ya dushe. Na ɗauki guntun alminiyam na tafi garejin tireloli wajen mai injin feƙe ƙarfe, ya feƙe mini zobe mai kauri da zai rungume bututun ya sha zafin, sau uku ina komawa kafin ya shiga daidai ba girgiza. Makunni daga tsohon kaset na cire. Na goge jikin tocilar da yashi mai laushi har ta riƙa ɗaukar ido. Da a nan na tsaya, da na samu abin nuna rubutu a allo, ba abin da zai biyo baya. Amma a kan ɗan allon daidaita wutar nan akwai wata 'yar ƙusa da ake murɗawa a ƙara wuta, kuma shafi na biyar ya ce in an murɗa ta hasken yana iya kunna ashana. Na murɗa. Na sake murɗawa. Ranar da kan ashana ya yi hayaƙi ya kama da wuta daga nisan taku biyu, sai da na yi tsalle a cikin shago kamar ƙaramin yaro.

Na nuna wa Baba. Na rataye baƙar leda a ƙusa, na ɗora mata ɗigon, nan take ta huje. Ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Wannan me yake gyarawa?"

Na ce, "Baba, ba gyara yake ba, fasaha ce."

Ya ce, "Leda ta fi ido kauri. Ka sa shi a akwati ka kulle, kar ya fita ƙofar nan."

Na ce to. Kwana biyu na yi ina jin abin yana ci mini rai, a na uku na fita da shi majalisa.

Abin da nake nema na samu. Na kunna ashana, aka yi kabbara. Na fasa balan-balan daga nesa, na ɗora ɗigo a kan tankin ruwan da ke can ƙarshen unguwa, mutane suka miƙe tsaye suna nunawa. Buba ne ya raɗa mini suna Injiniya, sunan ya bi ni. Masu wucewa suka riƙa tsayawa, har daga kasuwar shanu ake zuwa kallo. Ina faɗa musu kar a haska wa kowa a fuska, amma da irin muryar da ke ƙara wa abin kwarjini nake faɗa, ba muryar mai tsoro ba. Ya Modu kaɗai ne bai damu ba. Sau ɗaya ya ɗago ya duba ɗigon a bango, ya ce da za a samu zare mai wannan launi da ya saya, ya mayar da kansa kan hula.

Ranar da abin ya faru da damina ne, hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu tun kafin magariba, har ana ganin layin hasken a iska kamar igiya. Baba ya tafi gida da wuri saboda ƙafarsa. Ya Modu yana sauri ya ƙarasa bakin wata hula kafin haske ya ƙare masa. Buba ya miƙo hannu ya ce, "Injiniya, kawo in ɗana." Ban taɓa ba kowa ba sai ranar. Na miƙa masa, har da nuna masa inda ake dannawa.

Ya fara da ganyen maina, ya sauko kan butar shayi, sannan ya ɗora ɗigon a kan hular da ke hannun Ya Modu, yana bin allurar da shi duk inda ta nufa. Majalisa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi.

Ya Modu ya ce, "Kai ɗan daji, bar ni in ƙarasa, mai ita gobe zai zo."

Buba ya ce, "Ɗago ka gai da ubangidanka tukuna, bawana."

Ya ɗago yana murmushi, bakinsa a buɗe zai mayar da magana. Buba ya ɗora masa a ido. Ba na hagu mai hakiya ba, na dama. Ya Modu ya kawar da kai, Buba ya bi shi da shi, ya sake samunsa. Na ga ƙwayar idon ta yi kore kamar ta kyanwa. Kafin in fizge tocilar an gama.

Ya Modu ya dafe fuska ya ce, "Kai, kai, kai." Ya murza, ya buɗe, ya sake murzawa. Ya ɗaga hular kusa da hancinsa ya ce, "Ba na ganin allurar." Wani ya ce walƙiya ce kawai, yanzu za ta washe. Buba ya ce, "Raki ne irin na Barebari." Aka sake yin dariya. Ruwa ya sauko, kowa ya kama gabansa.

Washegari bai zo majalisa ba, jibi ma haka. Na je gidansa na same shi a zaure, ba hula ba zare, hannuwansa zube a kan gwiwa. Na gaishe shi na zauna a gabansa. Ya juyo ya daɗe yana fuskantata, sannan ya ce, "Ina ganin kunnuwanka, ina ganin hularka. Fuskarka ce babu. Duk inda na duba, kamar an dangwala babban yatsa da baƙin tawada a tsakiya." Daga cikin gida ina jin matarsa tana gaya wa wata maƙwabciya cewa an ce iska ce ta buge shi a ƙarƙashin maina. Ban gyara mata ba.

Ni na raka shi asibitin ido a Kano. Likitan, wani matashi mai natsuwa, ya ɗiga masa magani, ya leƙa da na'ura ya daɗe, sannan ya tambayi abin da ya faru. Na fito da tocilar daga aljihu. Ya jujjuya ta, ya haska ƙasa, ya yi saurin sakin makunnin. Ya ce, "Kai ka haɗa wannan? A Potiskum?" Na ce ni ne. Ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin mai ƙarfinta a hannun mutum ba. To a nan ne abin da ya fi komai ba ni ƙyama ya faru, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Daɗi na ji. Mutumin da na makantar yana zaune gefena hawayen magani na bin kumatunsa, ni kuwa ƙirjina ya buɗe don likita ya yaba aikina. Bai kai ƙiftawa biyu ba na dawo hayyacina, amma ya faru, kuma na san daga ina ya fito. Likitan ya ce can bayan idon, inda gani ke taruwa, ya ƙone. Tabon zai iya ɗan raguwa, gefe-gefe zai riƙa gani ya yi tafiya, amma karatu da allura sai haƙuri. A mota muna dawowa, bayan mun wuce Azare, Ya Modu ya ce, "Akwai huluna huɗu na mutane da ban gama ba."

Dattawan unguwa suka zauna a kan maganar. Na je, na shirya a ci mutuncina, kuma da an yi da na samu sauƙi. Ba wanda ya ko kalle ni da laifi. Aka ce wasan Fulani da Barebari tun kakanni ba a kai shi ƙara, aka ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Buba ya zo da buhun gero da ɗan akuya. Da aka ce ya ba da haƙuri, sai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, bawana. Yanzu kuma sai in saya maka sanda in riƙa ja." Wallahi aka yi dariya, manyan mutane masu furfura, a gaban mutumin da ke zaune kansa a karkace yana neman fuskar mai magana. Shi ma ya yi ɗan murmushi, don in bai yi ba za a ce ba ya ɗaukar wasa. Baba ne kaɗai ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ni na girma cikin wasan nan, ban taɓa ganin inda aka ci abincin mutum da shi ba. Wannan ba wasa ba ne, kun sani." Ya sa takalmi ya fita. Aka ce tsufa ne, aka shafa fatiha.

Na zaci bayan wannan mutane za su guji shagonmu. Sai ga shi kasuwa ce ta buɗe. Cikin mako guda mutum nawa suka zo, kowa sai ya ja ni gefe ya rage murya. Wani ya ce ɓarayi ke damunsa a gona. Wani karen maƙwabcinsa ne ke hana shi barci. Wani saurayi daga cikin 'yan bangar siyasa ya ce maigidansu yana son guda biyar kafin zaɓe. Wanda ya fi tsaya mini a wuya wani mutum ne mai kamala, da carbi a hannu, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Ya ce, "Ba ta wasan yara nake so ba fa, Injiniya. Irin ta Modu." Sunan da suka sa mata ke nan, ta Modu. Kafin ta ci ido abin kallo ce kawai, da ta ci ido sai ta yi daraja. Na riƙa kallon bakunansu suna motsi ina jin ƙyama. Duk na kore su. Amma da Baba ya tambaye ni, "Ina abin?" sai na ce na fasa shi. Ƙarya nake. Yana ƙasan akwatina naɗe cikin tsumma. Wata uku na aikina ne, na kasa.

Bayan kamar wata guda, da hantsi, sai ga Ya Modu ya shigo shago yana bin bango da hannu, rungume da tsohuwar rediyo. Ya gai da Baba, ya ajiye ta a kan tebur ya ce tasha ɗaya kawai take kamawa, yanzu kuma ita ce abokiyar zamansa. Na fara kwance ta. Na ce, "Ya Modu, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba kai ka haska ba."

Na ce, "Ni na haɗa. Ni na miƙa masa."

Ya ce, "Haka ne." Bai ƙara komai a kai ba, bai kuma rage ba. Can ya ce, "Na ji ana zuwa neman irin tawa."

Na ce ba zan haɗa wa kowa ba har abada.

Ya ce, "Waccan fa?"

Baba yana zaune a kusurwa yana jinmu. Na kasa ɗaga kai. Na tashi na tafi gida na ɗauko ta, na dawo na sa masa a hannu. Baba ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai, wannan kallon ya fi mini mari. Ya Modu ya warware tsumman, ya bi jikin tocilar da yatsunsa a hankali, ya shafa bakin zoben, ya shafa inda na haɗa makunnin, yadda yake shafa hula in yana neman inda zare ya tashi. Ya ce, "Ba gargada ko ɗaya. Mai hannu ne ya yi wannan." Sannan ya ce a ba shi guduma.

Na ɗora ta a kan guntun ƙarfen da muke daddaɓe abubuwa, na miƙa masa gudumar. Ya karkata kai ya auna, ya kai duka, ya samu katakon tebur. Gwangwanayen ƙusa suka yi tsalle. Ya sake, ya sake samun katako. Abin da yake kallo kai tsaye shi ne abin da ba ya gani. Ya tsaya yana numfashi, sannan ya ce, "Riƙe mini hannu." Na zagaya bayansa na ɗora hannuna a kan nasa. Duka huɗu muka yi. A na uku gilashin ya tarwatse, a na huɗu bututun ya lanƙwashe. Ya ajiye gudumar, ya goge tafinsa a jikin riga, ya ce, "To, duba mini rediyon."

Bai sake riƙe allura ba. Hulunan nan huɗu wani ya ƙarasa su, duk wanda ya duba zai ga inda hannu ya canza. Matarsa ta koma sayar da ƙosai, shi kuma ya kasa zare da allurai a faifai yana sayar wa waɗanda a da suke zuwa koyo a wajensa, yana gane launi ta gefen ido. Ya ci gaba da zama ƙarƙashin maina da rediyonsa a kunne. Buba ma ya ci gaba da zuwa kullum bayan la'asar, tun daga nesa zai ɗaga murya ya ce, "Ina bawana?" Ya Modu ya karkata kai ya nemi inda yake, ya amsa, majalisa ta yi dariya. Na jure jin wannan na kwana uku. A na huɗu na ja teburina zuwa can ƙuryar shago, na juya wa ƙofa baya, kuma tun daga ranar ban sake zama a majalisar kowa ba.